Yawon Sallah: mai saida ma kowa, yaushe za ta fita da nata ɗiya?

Duk shekarar da babbar Sallah ta faɗo kusa da ƙarshen mako, ma'aikacin gwamnati kan samu kwana 3, wani zubin har 4, yana miƙe ƙafa a gida: ga ranar layya, ga kashegarinta da hukuma ke ba da hutu, ga Asabar, ga Lahadi. Ɗan kasuwa kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Kwanakin da kowa ke ce ma hutu, su ne kakarsa.

Ku duba mako guda kafin Sallah. Tela ba ya barci, mai kitso da mai lalle ba su tashi daga tabarma sai tsakar dare, mai dakan yaji hannunta ya yi kanta, mai itace da mai wasa wuƙa kowa na rububinsu. Mai atamfa da mai takalman yara sai ranar jajibiri suke samun cinikin da suka yi wata 3 suna jira. Ba mu ce kowa ya rufe rumfa ya bar kuɗi su wuce ba, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da muke gani kowace shekara da la'asar ɗin Sallah: yara sun yi ado, sun jeru hannu da hannu za su kallo, a tsakiyarsu ga wata yarinya da tire a ka, tana saida masu awara ko ƙanƙarar zoɓo. Ita ma tana da sabon zane, uwarta ta yi ɗawainiya ta ɗinka mata. Sai dai zanen ya ga Sallah, yarinyar ba ta gan ta ba. Da ta juyo gida, uwar ta gaji liƙis, ƙidayar ciniki kawai za a yi a kwanta.

Ranar wuta da ranar rabo

Ranar farko dai babu maganar fita, kuma babu wanda ke neman ta. Irin layyarmu ta Nijar ita kanta abin kallo ce. An sauko daga idi, an yanka, an feɗe, an buɗe rago an tsire shi bisa sanduna 2 da aka gicciye, maƙwabta sun haɗa ragunansu sun kewaye wuta guda a ƙofar gida. Daga hantsi har faɗuwar rana maza na juya nama suna gyara garwashi, yara na zarya da itace da ruwa, mata na cikin gida suna suyar kayan ciki, wanda shi ne abincin wannan rana. Baƙon da ya zo daga ƙetaren iyaka yakan tsaya yana mamaki, don a wurare da yawa ana yanka ana rabawa nan take, mu kuwa sai nama ya kwana. Yaron da aka bari ya zauna bakin wannan wuta, aka ɗan yanko masa hanta, aka bar shi ya saurari hirar manya, ya samu rabonsa na ranar ba tare da an kashe ko dala ba.

Kashegari ne ake rabo, kuma nan ne yawon Sallah na asali yake. A ɗora ma yara kwano, a ce wannan na gidan kaka ne, wannan na gwaggo, wannan na malam, wannan na tsohuwar nan ta bayan masallaci da ba ta samu yin layya ba. Su je su gaida mutane, a sa masu albarka, a ba su barka da Sallah, dala 5 nan, dala 10 can, wani gidan alawa. A wannan zagaye ne yaro ke sanin danginsa da hanyoyin garinsu. Mun lura a shekarun nan wasu gidaje sun fara aika nama da ɗan kabu-kabu, a bi shi da kiran salula a ce saƙo ya iso? Naman ya isa kam, amma kaka ba ta ga jikokinta ba, kuma ita ba naman ne ya dame ta ba, haƙoran ma sun tafi.

To, bayan rabo fa? Sauran yini ɗaya da rabi ko biyu, su ne muke roƙon ƴan kasuwa su yanko wani abu daga ciki.

Abin da ke kusa da ƙofa

Mutumin Damagaram ba shi da hujjar cewa babu wurin zuwa. Ƙofar fadar Sarkin Damagaram a cikin Birni, fadar da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, takan cika da dawaki da dogarai da masu kakaki da algaita, ga hawan ƙaho da mahauta ke yi, wanda yaro in ya gani sau ɗaya sai ya shekara yana ba da labari. Kallon nan kyauta ne. Wanda ba ya son turmutsutsu, ya jira gari ya lafa ya ja ɗiyansa su bi lungunan Birni da na Zango a ƙasa, ya nuna masu gidajen ƙasa masu zanen ado a fuska da manyan duwatsun da garin ya zauna a tsakaninsu, ya gaya masu cewa nan ne babban birnin ƙasar kafin Turawa su maida shi Yamai a 1926. Kada a ce ai gine-ginen suna nan, wata rana a je. Tsohon masallacin Birni ya fi shekara 150 a tsaye, ruwan saman watan Satumba na 2024 ya kayar da shi cikin yini guda. Yaran da aka kai suka gan shi da idonsu sun gani, sauran sai a hoto. Wanda ke da ɗan hali kuma, Mirya ba ta kai kilomita 20 ba, ga garake ga inuwa, ranar Lahadi ga kasuwa. Mun san halinku, in kun je sai kun taya kaya, to a taya, amma a bar yara su huta a inuwa tukuna.

A Maraɗi ma haka. Akwai fadar Sarkin Katsina, akwai ta Sarkin Gobir a Tibiri da ke nan kusa. Akwai tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka, inda dattijo zai iya tsayawa ya nuna ma jikansa fadamar da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hauro tudu. Sai tafkin Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da gari, da masunta da tsuntsaye da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Wannan tafiya ce mai daɗi ga iyali, sai dai a yi ta da hankali: ƙauyukan bakin iyaka sun sha fama da ƴan bindiga a shekarun nan, don haka a tambayi mutanen wurin kafin a tashi, a tafi da safe, a juyo tun rana na sama.

Bukin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jaha-jaha ya bar ma garuruwanmu wani abu da ba mu cika lissafawa ba. Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, kowanne ya bar tituna masu faɗi da shataletale da filaye. Da yamma in zafi ya sauka, maigida ya riƙo hannun ƙarami, uwargida ta goyo na goye, a taka a ƙasa zuwa irin waɗannan wurare, a zauna, a sayi gyaɗa da rake, a kalli mutane suna wucewa da adonsu, a ɗauki hoto da salula. Wani zai ce wannan ma fita ce? Ku tambayi yaron da bai taɓa tafiya tare da uwarsa da ubansa a lokaci guda ba, in ba asibiti za a kai shi ba.

Yamai kuwa kowa ya san inda yaran gari ke kwarara ranakun Sallah: gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, wanda kowa ke ce ma Mize. A can ne ɗan birni ke fara ganin zaki da kura da dorina da kada ido da ido. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a jahar Agadas, akwai ragowar itacen nan na Tenere da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge shi a 1973, akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mutane. Kuɗin shigar yaro ba su da yawa. Matsalar guda ce, ranar Sallah da kashegari wurin ba ya da masaka tsinke, kuma yawancin yaran su kaɗai suke zuwa, babba a cikinsu bai wuce shekara 12 ba. Wadda ta iya haƙuri har rana ta 3 ta raka su da kanta da safe, za su ga dabbobin da kyau, ba ƙeyar mutane ba. A da, masu mota kan wuce har Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, su nuna ma yara raƙuman dawa. Harin watan Agusta na 2020 da ya ci rayukan mutum 8 ya sa aka rufe wurin a lokacin, mutane kuma suka ja baya. Amma bakin kogin Isa yana nan, tsayawa kusa da gadar Kennedy da magariba ana kallon jiragen masunta ba ya cin kuɗin kowa.

Maganar kuɗi, tunda da ƴan kasuwa muke

Mun san amsar da za a ba mu: ina kuɗin? Rago ya cinye, ɗinki ya cinye, kayan miya sun cinye. Gaskiya ne. Amma ku da kuka fi mu iya lissafi, ku auna. Mu ƙaddara mace na da ɗiya 4. Kuɗin abin hawa zuwa da dawowa cikin gari, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa na dala 20 ga kowane yaro, da kuɗin shiga in wurin na biya ne, da wuya su wuce jika 3. Wadda ta jefa dala 20 a asusu kullum, cikin kwana 30 ta haɗa jika 3 ɗin nan cif, ba ta taɓa uwar kuɗi ba. Yanzu ku gwada wannan da abin da ake zubawa a shadda da leshi da anko na ƙawaye, wanda sau da yawa da bashi ake yi ko da kuɗin adashin da aka yi niyyar ƙara jari da su. Kowa a kasuwa ya san rumfunan da kan yi mako 2 ko 3 a rufe bayan Sallah, ba don mai rumfar ta yi tafiya ba, jarin ne ya tafi wurin tela. Idan za a rage wani abu don a samu na fita da yara, ga inda za a rage.

Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne lokaci, musamman ga masu saida abinci da abin sha, don su ranakun nan ne kasuwarsu ke ci. A nan muna ganin dabarar da mata suka daɗe da sani a wajen biki da suna ita ce mafita. Maƙwabciyarki a kasuwa, wadda kuke ba juna canji kuna tsare ma juna kaya in za a yi salla, ku raba kwanakin. Ke ki riƙe tukunya 2 ranar Asabar ta fita da nata, ita ta riƙe ranar Lahadi ki fita da naki. Ciniki bai tsaya ba, abokan ciniki ba su koma wani wuri ba. Idan kuma dole sai yarinya ta yi talla, a yanka mata lokaci: ta saida na safe, da azahar ta aje tire ta yi wanka ta sa kayanta ta bi ƙawayenta. Ribar tiren la'asar guda nawa ce? Dala 100 ko 200. A bar mata su.

Ku kuma alhazai, ba mu manta da ku ba. Mai shago ya fi mai tire sarari, don shi yana da yaran shago, yana da ƙyaure da kwaɗo. Amma abin da muka fi gani shi ne, da an gama rabon nama sai maigida ya saɓa babbar riga ya nufi fada, a ɗora shayi, na ɗaya, na biyu, na uku, a buga karta ko dara, a warware siyasar duniya kaf, sai dare ya yi tsaka a dawo. A gida kuwa uwargida na tsugune gaban kasko tun safe tana soya naman da za a adana, hayaƙi ya cika mata ido. Ita wace Sallah ta yi? Ba mu hana zaman fada ba, mu ma muna zama. Amma motar nan ko babur ɗin nan da ke kai kaya Ɗan Isa da Konni da Magarya duk mako, ya iya kai iyali bakin tafki sau ɗaya a shekara. In fita da uwargida ba ta cikin al'adar gidan, to a kwashe mata yaran na awa 3, ta samu ta miƙe bayanta. Ita ma hutu ne.

A fita lafiya, a dawo lafiya

Mu da ke aiki a gidan rediyo mun san yammacin Sallah da wani abu guda: cigiya. Daga la'asar zuwa bayan isha'i, sanarwar ɓatan yara ba ta yankewa. Uwa ta zo hankali tashe, a tambaye ta kayan da ke jikin yaron, ta ce sabbi ne, alhali duk yaran gari sabbi suka sa. Wani lokaci kuma yaron ne ake kawo muna, yana kuka, an tambaye shi sunan ubansa ya ce Baba, sunan unguwa ya ce gidanmu. Don Allah, kafin yaro ya fita a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu, wanda bai iya magana sosai ba a rubuta lambar salula a takarda a sa masa a aljihu, ko a ɗaura masa a hannu. Kada a ɗora ma ƴar shekara 9 ɗawainiyar ƙanne 3 a cikin taro, ita ma kallo take so. Ƴan kunnen zinariya kuma a bar su a gida.

Sai babura. Ranakun nan samari kan karɓi aron babur, wasu ranar ce farkon hawansu, su ɗauki mutum 3 ko 4 suna gudu suna busa oda. Duk wanda ya taɓa leƙa asibiti da daren Sallah ya san sauran labarin. Mai shagon da ke ba yaronsa makullin babur don ya ji daɗin Sallah, ya tuna cewa ɗiyan wasu na bisa titin.

Akwai kuma yanayi. Sallah na matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara: a 2024 ta zo tsakiyar watan Yuni, a 2025 farkonsa, wato shekarun nan tana faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina. Rana na da zafi ƙwarai, yaro cikin sabbin kaya masu kauri da takalmin da bai saba ba yana iya galabaita tun kafin a isa. A fita da sassafe ko bayan la'asar, a riƙe gorar ruwa daga gida. Hadari kuma na iya haɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci. Gulbin Maraɗi da koramun da ke a bushe jiya suna iya kawo ruwa yau ko da ba a yi ruwan a gari ba, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini su ma sukan cika. Yaro bai san zurfi ba. In an je bakin ruwa, babba ya zauna yana fuskantar ruwan, ba yana fuskantar abokin hira ba.

Dare, bayan an dawo

Wanda duk wannan bai samu ba, ko don rashin lafiya ko don tsufa ko don aljihu ya ƙi, akwai abin da ya rage masa, kuma shi ne ya fi tsufa a cikinsu duka. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kashe talabijin, a karɓe salula daga hannun yara na ɗan lokaci. Ƴan mata su yi gaɗa da carafke. Maza su fita rairayin ƙofar gida su yi langa, ko su kama kokowa. Lokacin gasar takobi bai yi ba, ita sai da sanyi, amma yaro ba ya jiran lokaci: wannan ya ce shi ne Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, kaka kuwa ya ce duk ba ku ga kokowa ba tunda ba ku ga Kantu na Maraɗi ba, wanda ya ci gasar farko a Tawa a 1975. Daga nan gardama ta tashi, an samu hirar dare.

Dara ma ba ta son komai sai ƙasa da hannu: a tona gurabu 30, layi 5 na gurbi 6, kowa ya riƙe ƴaƴa 12, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. Yara da yawa a birni sun iya wasannin cikin salula kala-kala amma ba a taɓa zaunar da su an nuna masu yadda ake jera uku a ci ba, alhali ubansu gwani ne a fada. Tatsuniya kuma tana wurin tsofaffi, ba su manta da Gizo da Ƙoƙi ba, tambayarsu ne aka daina yi. Uwar da ta yini a kasuwa tana iya kishingiɗa a gefe da kwanon soyayyen nama da yaji, ba sai ta ce komai ba, ƙaramin ya zo ya kwanta a jikinta har barci ya ɗauke shi.

Litinin dai kasuwar Maraɗi za ta ci kamar yadda ta saba, Alhamis ta Dole a Damagaram, Lahadi ta Tawa. Masu son mu karanta gaisuwar Sallah ko sanarwa a rediyo, a daure a kawo tun kafin jajibiri, don ranar kanta layin na masu cigiya ne.